ASHAR DA ZAGI A MA'AUNIN SHARI'A: INA AKA YI RANGWAME, INA AKA RUFE ƘOFA?

(Wannan ita ce laccar da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar ga 'yan uwa a Ƙofar Gayan, cikin birnin Zariya. Mun kawo ta ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da baiwar magana, kuma Ya yi alkawarin tambayarsa a kanta. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mini a yau shi ne ashar da zagi, da kuma tambayar da matasanmu suke yawan kawowa: shin akwai lokacin da Shari'a ta yarda Musulmi ya buɗe baki ya yi mummunar magana? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa, domin kuwa lallai akwai wuraren da aka yi rangwame. Sai dai rangwamen yana da iyaka, kuma mafi yawan abin da muke ji a titunanmu da gidajenmu, har ma a bisa wasu mumbarori, ya yi wa wannan iyaka nisa.

RARRABE KALMOMI

Malaman Zazzau sun shahara da nahawu, musamman na Unguwar Juma da Kona, kuma sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan kalma sai an san ma'anarta. Bahaushe bai tara munanan maganganu a ƙwarya ɗaya ba, kowace ya ba ta sunanta. Zagi shi ne a jefi mutum da kalmar da za ta ƙasƙantar da shi, kamar a ce masa wawa ko sakarai. Ashar kuwa ta fi zagi muni, domin ita ce ake ambaton tsiraicin uwar mutum ko ubansa. Batsa ita ce faɗin abin kunya ɓaro-ɓaro ko da ba a nufi kowa ba. Tsinuwa da la'ana addu'a ce ta a nisanta mutum daga albarka da rahama. Ƙazafi shi ne a jingina wa mutum zina ko a kore shi daga ubansa. Akwai kuma habaici da zambo da gori, akwai daƙuwa, wadda ashar ce da hannu yake yi a madadin baki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa hukunci, kuma cakuɗa su shi ne mafarin ruɗanin da ake ciki.

HALIN DA MUKE CIKI

Duk wanda ya taso daga nan Ƙofar Gayan ya ratsa kasuwar birni, ya bi ta Babban Dodo ya fita Ƙofar Doka, ya wuce Tudun Wada har Kwangila, to kunnensa zai ba shi labari. Mai babur ya gogi mai Keke Napep, kafin a duba ko fenti ya kankare an riga an ambaci iyaye mata guda biyu waɗanda suke can gida ba su san abin da ake ciki ba. Ɗan kamasho yana lodi da ashar, yaro ɗan shekara biyar yana yi wa ɗan uwansa daƙuwa manya suna dariya.

Idan muka lura za mu ga mutanenmu sun kasu uku a wannan al'amari. Kashi na farko sun ɗauki ashar gishirin zance, da ita suke yabo, da ita suke mamaki, da ita suke gaisawa da aboki. Kashi na biyu sun yarda cewa mummunan abu ce, amma sun ajiye ta a matsayin makami, suna cewa idan rai ya ɓaci babu laifi. Kashi na uku su ne suka fi ba ni tsoro, wato waɗanda suka yi karatu gwargwado, suka nemo wa zagi hujja a cikin littafi, suna zagin wanda ya saɓa musu suna ganin lada suke samu.

ASALIN HUKUNCI

Asali dai haramci ne. Allah (S.W.T.) Ya sanar da mu a Suratu Ƙaf, aya ta 18, cewa kowace kalma da ta fita daga bakin mutum akwai mai tsaro da ke rubuta ta. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Ya hana izgili da aibata juna da jifan juna da munanan laƙubba. A Suratul An'am, aya ta 108, Ya hana zagin abubuwan da mushirikai suke bauta wa, domin kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Jama'a, idan an hana mu zagin gunki saboda abin da zai biyo baya, ina kuma ga zagin mai sallah?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mas'ud (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kira zagin Musulmi fasiƙanci. Sun kuma ruwaito daga Abdullahi bin Amr (R.A.) cewa ya lissafa zagin da mutum zai yi wa iyayensa cikin manyan zunubai. Sahabbai suka yi mamakin yadda ɗa zai zagi mahaifansa, sai ya bayyana musu cewa idan ya zagi uban wani ko uwar wani aka rama, to shi ne ya zage su. Ashe ke nan mai ashar a tasha uwarsa yake zagi da bakin wani. Bahaushe ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ruwan har da mahaifiyar tsuntsun yake dukawa.

Ku dubi Abu Zarrin (R.A.), da girmansa da daɗewarsa a Musulunci. Ya yi sa-in-sa da wani mutum ya goranta masa mahaifiyarsa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Hanin bai tsaya ga mutane ba. Muslim ya ruwaito cewa wata mata ta la'anci taguwarta a cikin tafiya, sai aka yi umurni a sauke kayan da ke kanta a sake ta. An hana zagin zazzaɓi, an hana zagin iska, an hana zagin zakara, an hana zagin matattu. Har mutumin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

KALMAR DA TAKE JAWO BULALA TAMANIN

A nan ina so iyaye maza da mata su ba ni kunnuwansu. Kalmar shege, wadda muka mayar kamar ruwan sha, ma'anarta ta asali ita ce wannan mutum ba ɗan ubansa ba ne, wato mahaifiyarsa ta yi zina. Wanda ya faɗe ta yana nufin haka, bai kuma kawo shaidu huɗu ba, hukuncinsa a Suratun Nur, aya ta 4, bulala tamanin ne, kuma a daina karɓar shaidarsa. Uwar da ta kira ɗan da ta haifa da wannan suna, ta tsaya ta yi tunani: wa ta tuhuma?

Har ila yau, a mazhabar Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu, ba sai an fito fili ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa ko da jirwaye aka yi ƙazafi akwai haddi. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa, inda wasu mutum biyu suka yi cacar baki a zamanin Sayyidina Umar (R.A.), ɗaya ya ce shi dai ubansa da uwarsa ba mazinata ba ne. Da Umar ya yi shawara, sai ya yi masa bulala tamanin, domin kowa ya gane inda maganar ta dosa. Wannan shi ne habaici, kuma Bahaushe ya riga ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Saboda haka kishiyar da take waƙa a bakin turmi tana jifan 'yar uwarta da abin da ba ta gani ba, kada ta zaci rashin ambaton suna ya kuɓutar da ita.

Dokar ƙasa ma ba ta bar abin haka ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga ɓata suna da kuma cin mutuncin da aka yi da gangan domin a tunzura mutum ya ta da hankali. Jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a daga shekarar 2000, Zamfara a kan gaba, sun shigar da haddin ƙazafi cikin dokokinsu.

INDA AKA YI RANGWAME

Yanzu mu zo kan tambayar matasa. Wurare huɗu zan ambata.

Na farko, wanda aka zalunta. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah Ya bayyana cewa ba Ya son a bayyana mummunar magana, amma Ya keɓe wanda aka zalunta. Wanda aka cinye wa gado, ko aka hana shi ladan aikinsa, ko aka ƙwace masa gona, yana da damar ya ɗaga murya ya ce wane ya cuce ni, a gaban alƙali ko mai unguwa ko duk wanda zai iya karɓo masa haƙƙinsa. Iznin da aka ba shi na faɗin abin da aka yi masa ne. Uwar azzalumin ba ta ci gadon ba, saboda haka ba ta cikin iznin.

Na biyu, ramuwa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa idan mutum biyu suka zagi juna zunubin yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na wannan hadisi, ya yi bayanin iyakar: a rama da kwatankwacin abin da aka faɗa, kada ya zama ƙarya, kada ya zama ƙazafi, kada ya taɓa magabatan mutum. Wanda ya ce maka wawa, ka ce masa azzalumi, ba ka yi laifi ba, ko da yake haƙuri ya fi. Amma wanda ya zagi mahaifiyarka, ba a ba ka tasa ba, kuma wanda ya yi maka ƙazafi hanyarka ita ce kotu. Ashar ba ta da ƙofar shiga ta nan.

Na uku, faɗin abin kunya ƙarara saboda buƙata. Alƙali a wajen tabbatar da laifi dole ya ji kalma ba tare da sakaye ba, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya tambayi Ma'izu a fili lokacin da ya zo yana iƙirari a kan kansa, domin rai ne za a yi hukunci a kansa. Haka malami a babin tsarki da aure, haka majiyyaci a gaban likita. Ummu Sulaim (R.A.) ta yi tambaya a kan wankan mace idan ta yi mafarki, kuma Nana A'isha (R.A.) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ga asibiti nan kusa da mu. Matar da ta ɓoye wa likita ainihin ciwonta saboda kunya kanta ta cuta. Wannan ba batsa ba ce. Batsa ita ce malami ya tsawaita a wannan babi domin majalisi ya yi shewa.

Na huɗu, kare addini daga maƙiyin da ya fara kai hari da harshe. An yi wa Hassanu bin Sabit (R.A.) izni ya mayar wa mawaƙan Ƙuraishawa martani. Amma ku lura, Muslim ya ruwaito cewa sai da aka tura shi wajen Sayyidina Abubakar (R.A.), masanin nasabar Ƙuraishawa, domin kada zambon ya taɓa wanda bai kamata ba. Ko a fagen yaƙi sai da aka yi bincike kafin a buɗe baki.

HUJJAR HUDAIBIYYA

Babbar madogarar kashi na uku da na ambata ita ce maganar Sayyidina Abubakar a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. Urwatu bin Mas'ud, mutumin Ɗa'ifa, ya zo a matsayin jakadan Ƙuraishawa, ya dubi sahabbai wajen 1,400 ya ce wa Manzon Allah (S.A.W.) waɗannan tarkace ne da za su gudu su bar shi. Sai Abubakar ya jefe shi da wata kalma mai nauyi ƙwarai, wadda Bukhari ya kawo, ba kuwa zan maimaita ta a wannan majalisi ba. Ibn Hajar ya ce a cikin Fathul Bari wannan yana nuna halaccin furta kalma mai muni domin tsawatar wa wanda ya cancanta.

To, 'yan uwa, mu karanta ƙissar har ƙarshe. Ibn Hajar ɗin nan ya bayyana cewa al'adar Larabawa ita ce su yi wannan zagi da ambaton uwa, sai Abubakar ya cire uwar ya sa gunkin Lata, wanda mutanen Urwatu suke bauta wa. Wato a lokacin da ransa ya fi ɓaci, a gaban mushiriki, ana dab da yaƙi, bai taɓa mahaifiyar mutumin ba. Sannan Abu Dawud ya kawo wata ƙissa ta Abubakar ɗin dai: wani ya yi ta zaginsa yana shiru, Manzon Allah (S.A.W.) yana zaune, da ya rama sai Manzon Allah ya tashi, ya kuma bayyana masa cewa mala'ika ne yake rama masa, da ya rama da kansa sai shaiɗan ya shigo. Don me za mu haddace kalma ɗaya ta rana ɗaya, mu manta da halin da mutumin ya rayu a kansa? Shi kuwa Urwatu daga baya ya musulunta, mutanensa suka kashe shi yana kiransu zuwa ga Musulunci. Wanda kake zagi yau ba ka san yadda zai cika ba.

WASAN AL'ADA

Wani zai ce, Malam, ina wasan da ke tsakanin jika da kaka, da taubasai, da Fulani da Barebari, da mu da Kanawa? Su Kanawa ma cewa suke sunanmu Zagezagi, wai zagi gadonmu ne. To mu ba su kunya. Wannan wasa yana da amfani wajen ƙulla zumunci da kashe gaba, kuma Larabawa ma suna da kalmomin da suke gudana a harshe ba a nufin ma'anarsu, har Manzon Allah (S.A.W.) ya faɗa wa Mu'azu (R.A.) irinsu a lokacin da yake yi masa gargaɗi a kan harshe. Sharuɗɗan su ne: kada a yi ƙarya mai cutarwa, kada a ambaci tsiraici, kada a taɓa nasaba ko addini, kuma wanda ake yi da shi ya kasance yana dariya da zuciyarsa. Ka ce Bakano ya fi son kuɗi da barci, ya ce kai ka fi son gardama da tuwo, ku rabu kuna dariya. Da zarar fuska ta canza, wasa ya ƙare.

SIYASA, MUMBARI DA WAYA

Asibitin nan na Ƙofar Gayan sunan Hajiya Gambo Sawaba yake ɗauke da shi, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Dattawanmu sun ga zamanin NEPU da NPC, daga 1950 zuwa 1966, sun ji waƙoƙin zambo daga kowane ɓangare, sun san sunayen da aka riƙa jifan matan da suka shiga siyasa da su. An ɗaure Hajiya Gambo sau da dama, an ci mutuncinta, ga shi yau sunanta ne a ƙofar asibiti, zagin kuwa yana nan a littafin waɗanda suka yi shi. Duk da haka ba mu ɗauki darasi ba, kowane zaɓe sai an ɗauki matasa haya domin su zagi sa'annin iyayensu.

A da zagi yana mutuwa a inda aka yi shi. Da kaset ya zo sai ya fara tafiya gari-gari. Yau kuwa Facebook da WhatsApp da TikTok sun sa ashar ɗin da yaro ya yi a ɗakinsa tana isa Makka kafin ya gama shan shayi, kuma tana nan ana kallo bayan an binne shi. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowanne da tarar Naira 10,000 da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da aka ce sun ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin. Wannan hukuncin duniya ke nan, a kan wanda yake da ƙarfin kai ƙara. Talakan da aka zaga bai da mai tsaya masa, nasa yana jiran ranar da za a biya da lada, kamar yadda ya zo a hadisin matsiyacin da zai zo da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan ya yi wa wancan ƙazafi, a yi ta ɗibar ladansa har ya ƙare.

Mu masu da'awar gyara, wannan magana ta fi hawa kanmu. Raddi na ilimi wajibi ne, kuma a ce wannan aiki bidi'a ne ko wannan hadisi bai inganta ba, ba zagi ba ne. Amma a kira malamin wani ɓangare jaki ko kare a gaban lasifika, ɗalibai suna kabbara, wannan ba Sunna ba ce ko da wa ya yi shi. Annabi Musa da Annabi Haruna (A.S.) an umurce su a Suratu Ɗaha, aya ta 44, da su yi wa Fir'auna magana mai taushi. Babu ɗayanmu da ya kai Musa, babu kuma abokin saɓaninmu da ya kai Fir'auna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da sakin fuska da haƙuri da masu munanan ɗabi'u, kuma da wannan hali aka tara jama'ar da ta kawo gyara a ƙasar Hausa.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na farko, gyara ya fara daga gida, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da yake ashar a layi a tsakar gida ya fara jin ta. Iyaye mata, ku ji tsoron Allah game da tsinuwa, Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) hani ga yin mummunar addu'a a kan 'ya'ya, domin kada ta dace da sa'ar karɓa. Wadda ta saba cewa Allah Ya tsine maka, ta mayar da ita Allah Ya shirye ka.

Na biyu, shugabannin tasha da na 'yan kasuwa da na masu babura su sa doka a tsakaninsu, kamar yadda suke sa tara a kan wanda ya tsallake layin lodi.

Na uku, malaman Islamiyya da na allo su daina zagin ɗalibi da sunan horo, domin yaro yana haddace bakin malaminsa kafin ya haddace allonsa.

Na huɗu, kada ɗayanmu ya tura wa wani bidiyon zagi, ko da wanda aka zaga abokin saɓaninmu ne, domin mai yaɗawa abokin tarayyar mai faɗa ne.

Na biyar, wanda rai ya ɓace masa ya nemi tsari daga shaiɗan, ya yi shiru, idan yana tsaye ya zauna, idan ya samu hali ya yi alwala. Magana zarar bunu ce. Wanda kuma ya san ya taɓa mutuncin wani, ya je ya nemi gafararsa tun suna raye su biyun.

Allah Ya tsarkake harsunanmu daga ashar da ƙarya da ƙazafi, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da Zazzau da Nijeriya lafiya, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen abin da za mu furta a duniya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne.